Tambaya da Amsa: Ko Misar Tsakiyar Mako Tana Maye Gurbin ta Lahadi?

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan da ya gabata sun taru a kan magana ɗaya, wato halartar Misa, babbar ibadar cocin Katolika, saboda haka na haɗa su wuri guda. Na taƙaita masu tsawo, na kuma cire sunayen waɗanda suka aiko kamar yadda muka saba. Ta farko ce za ta ci mana wuri, domin a kanta sauran suka jingina.

TAMBAYA: Fada, ina gaisuwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Kaduna, kuma tsarin aikinmu yakan sa Lahadi biyu a kowane wata su same ni a bakin aiki tun safe har dare. Don in cike giɓin nakan je Misar asuba ran Talata da Laraba da Jumma'a. Wata a Zumuntar Mata ta ce mini Misa uku sun fi ɗaya, don haka na biya har da riba. Wata kuma ta ce wahalar banza nake yi, zunubi yana nan a kaina. Wace ce mai gaskiya? Sa'an nan kuma a Lahadin da ba ni da aiki gajiya takan yi mini yawa, har nakan ce tun da na je sau uku a mako, bari in huta.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan aikin da kike yi. Matan nan biyu duka sun kuskure, kowacce ta nata gefen, kuma wasiƙarki ta ƙunshi tambayoyi biyu da ya kamata a raba: hukuncin Lahadin da kike asibiti daban yake da na Lahadin da kike gida.

Mu fara da abin da ke rubuce. Kundin dokokin Ikilisiyar Katolika da ake aiki da shi yanzu, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a 1983, ya ce a doka ta 1247 wajibi ne masu bi su halarci Misa ran Lahadi da sauran ranakun idi na wajibi. Doka ta 1248 ta bayyana yadda ake sauke wannan nauyi, wato mutum ya halarci Misar Katolika a duk inda ake yin ta, ko a ranar kanta ko da yammacin ranar da ta gabace ta. Ƙofofin ke nan guda biyu, kuma Talata ba ta cikinsu. Ko da mutum ya je Misa kowace safiya daga Litinin har Asabar, sau shida ke nan, bai taɓa wajibin Lahadi ba tukuna, domin rana aka kira masa da sunanta, ba a yanka masa adadin Misa a mako aka ce ya cika ba. Littafin Koyarwar Ikilisiya na 1992, a sashe na 2181, ya ƙara da cewa wanda ya bar wannan wajibi da gangan ya yi babban zunubi. Amma a wannan sashen dai ya keɓe wanda ke da dalili mai ƙarfi, ya ba da misalin rashin lafiya da kula da jarirai, da kuma wanda firist ɗinsa, wato Fada, ya ɗauke masa.

Mai yiwuwa ki ce ai Misa ɗaya ce, hadayar da ake miƙawa ran Laraba ita ce ake miƙawa ran Lahadi, kuma gaskiyarki ne, ta Laraba ba ta gaza ta Lahadi tsarki ko kaɗan ba. Bambancin yana ga ranar da kuma taron. Ran Lahadi Almasihu ya tashi daga matattu, kuma tun zamanin manzanni masu bi suka riƙe ta. Ayyukan Manzanni 20:7 ya ba da labarin yadda suka taru a Taruwasa a ranar farko ta mako don gutsuttsura gurasa, daren da Bulus ya ja wa'azi har tsakar dare, wani saurayi ya yi gyangyaɗi a bakin taga ya faɗo daga hawa na uku (mu masu wa'azi ya kamata mu riƙa karanta wannan wuri kafin mu hau mumbari). Wajen shekara ta 150, Yustinus mai shahada ya rubuta wa Sarkin Rum yana bayyana masa cewa a ranar da Romawa ke kira ta rana, Kirista na birni da na ƙauye sukan taru wuri ɗaya, a karanta rubuce-rubucen manzanni da na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi, sa'an nan a tara gudummawa don marayu da gwauraye da marasa lafiya. Wanda ya karanta bayaninsa zai gane Misarmu ta yau ba tare da an nuna masa ba.

Abin da ya shafe ki a wannan tarihi shi ne, a lokacin Lahadi ranar aiki ce kamar kowace rana. Sai a 321 ne Sarki Konstantin ya yi dokar hutu a cikinta. Kafin nan bawa da leburan jirgin ruwa da mai saƙa sukan nemi taron da duhun asuba ko da dare, su koma aikin iyayengijinsu. A shekara ta 304, lokacin da Sarki Diyokletiyan ya hana taron Kirista, an kama mutum 49 a garin Abitina, a ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, suna tsakiyar ibadar Lahadi. Da alƙali ya tambayi ɗaya daga cikinsu, mai suna Emeritus, dalilin da ya buɗe gidansa ga taron da sarki ya haramta, sai ya amsa da cewa ba za su iya rayuwa ba in babu ibadar ranar Ubangiji. An kashe su a kan haka. Dokar wajabta zuwa coci ta zo ne bayan al'adar ta riga ta daɗe, sa'ad da zafin zuciyar mutane ya fara raguwa: taron bishop-bishop na Elvira a ƙasar Sifen, wajen shekara ta 300, ya yanke cewa mazaunin birni da ya yi Lahadi uku bai zo coci ba a ware shi na ɗan lokaci, kuma sai a kundin dokoki na 1917 aka tattara wannan al'ada ta zama doka ɗaya ga Ikilisiya ta duniya baki ɗaya.

Ga misali daga gida. Yaron da yake leƙa mahaifinsa sau uku a mako ya kyauta, kowa zai yaba masa. Amma idan aka sa ranar taron dangi, kowa ya zo daga inda yake, aka shimfiɗa tabarmi aka duba ba a gan shi ba, ziyararsa ta tsakiyar mako ba za ta hana a tambayi inda yake ba, domin a ranar taro ana bukatarsa ne tare da 'yan'uwansa. Misar Lahadi ita ce ranar da farish, wato jama'ar da ke ƙarƙashin Fada ɗaya, ke ganin kansa gaba ɗaya, mai kuɗi da talaka, Bahaushe da Ibo da Bajju da Tibi, wanda kike shiri da shi da wanda ba kya ga maciji da shi. Rashinki a wurin yana rage wa wasu wani abu, ko ba ki sani ba.

Yanzu mu zo ga Lahadin da kike asibiti. Marar lafiya ba ya jiran Litinin, kuma kula da shi na daga cikin dalilan da babu wani malamin Ikilisiya da yake jayayya a kansu. Idan aikinki ya rufe duk lokutan Misa da za ki iya samu, wajibin bai hau kanki ba a wannan ranar, saboda haka babu zunubi, babu kuma bashin da ake binki. Na ga alamar tunanin ramuwa a wasiƙarki, kuma ban yi mamaki ba, tun da muna zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda ke rama salla da azumi idan sun kuɓuce musu, kalmar kuwa ta zauna a bakin kowa. A dokar Katolika babu ramuwar Misar Lahadi. Idan da dalili aka rasa ta, an rasa ke nan ba laifi. Idan da gangan ne, hanyarsa tuba da furta zunubi a gaban firist.

Sai dai kafin ki ce ba hali, ki duba abubuwa biyu. Na farko shi ne yammacin Asabar. A babban gari kamar Kaduna coci-coci suna da yawa, lokutan Misarsu kuma sun bambanta, kuma doka ba ta ɗaure ki ga farish ɗinku ba. Duk cocin Katolika da ya yi Misa da yammacin Asabar ko ran Lahadi da dare ya wadatar. Yawancin masana dokokin Ikilisiya suna lissafa yamma daga ƙarfe 4, suna dogara ga lokacin da Fafaroma Pius na Goma Sha Biyu ya sa sa'ad da ya buɗe ƙofar Misar yamma a 1953. Na biyu, ki je ki zauna da Fadan farish ɗinku ki nuna masa jadawalin aikinki. Doka ta 1245 ta ba shi iko, idan akwai dalili na gaskiya, ya ɗauke wa mutum wajibin ko ya sauya masa shi da wani aikin ibada, kuma yana iya cewa Misarki ta Talata ta zama wannan musanyar. Ki lura da bambancin: idan shi ya sauya miki, ya halatta, idan ke kika sauya wa kanki, kin zama alƙali a shari'ar da ke ce mai ƙara.

A kan Lahadin da kike gida kuwa ba zan yi miki sassauci ba. Na san gajiyar kwanan asibiti ba wasa ba ce, kuma idan kin sauka daga aikin dare jiki ya ƙi ɗaukarki, wannan dalili ne. Amma idan hujjar ita ce kin riga kin je sau uku, lissafin ya karkace. Shawarata ita ce ki rage ta Jumma'a, ki yi barcinki, ki tanadi ƙarfin don Lahadi. Wanda ƙarfinsa bai kai ga duka ba ya fara sauke wajibi kafin nafila.

TAMBAYA: Fada, ni ne shugaban masu bi a wani ƙaramin coci na ƙauye. Fadanmu yana da ƙauyuka da yawa a ƙarƙashinsa, sau ɗaya yake zuwa mana a wata, galibi ran Alhamis. Babban coci yana da nisa, da damina rafi yakan cika, ga kuma tsoron hanya a 'yan shekarun nan. Ran Lahadi katikis, mai koyar da addini a cocinmu, shi ne yake yi mana addu'a. Wasu sun daina zuwa, suna cewa tun da ba Misa ba ce ba dole ba ne, Alhamis ɗin Fada ita ce Lahadinmu. Me zan gaya musu?

AMSA: Baba, sannu da ɗawainiya. Na san irin cocin da kake magana, domin na yi shekaru ina zagaya irinsa a kan babur: ginin laka da rufin kwano, bencin katako 'yan kaɗan, tsohon gatarin mota a rataye a reshen mangwaro ana buga shi a madadin ƙararrawa. Na taɓa tsayawa a bakin rafi da akwatin kayan Misa ɗaure a bayan babur, ina hango mutanena a tsallake suna ɗaga mini hannu, ruwa ya hana ni ƙetarewa, sai da na juya.

Mutanenka sun faɗi rabin gaskiya. Inda babu firist, kuma zuwa wani wuri ya zama da wahala mai tsanani ko haɗari, wajibin halartar Misa ba ya kan kowa, domin Ikilisiya ba ta ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Rafin da ya cika dalili ne. Hanyar da ake tare mutane a kanta dalili ce, haka ma dokar hana fita, kuma kada wani ya jefa iyalinsa cikin haɗari yana tsammanin doka ce ta sa shi. Gaskiya ne kuma addu'ar da katikis ke jagoranta ba Misa ba ce, ko da an raba Tarayya Mai Tsarki, wato gurasar da Fada ya tsarkake ya bari, tun da ba a miƙa hadaya a cikinta ba.

Inda suka kauce shi ne zaton da suka yi cewa Lahadi ta tashi daga wurinta ta koma Alhamis. Alhamis ɗin Fada alheri ce babba, kowa ya ajiye fartanya ya zo, a yi baftisma, a furta zunubi, a karɓi Tarayya. Amma Lahadi tana nan ranar Ubangiji ko da firist ko babu. Sashe na biyu na doka ta 1248 ya yi magana a kan halinku kai tsaye: idan halartar Misa ba ta yiwu ba saboda rashin firist ko wani babban dalili, ana ƙarfafa masu bi ƙwarai su halarci ibadar Maganar Allah idan ana yin ta a cocinsu, ko kuwa su keɓe lokaci na addu'a su kaɗai, ko da iyalinsu, ko gidaje su haɗu. A 1988 fadar Vatican ta fitar da jagora na musamman a kan ibadar Lahadi inda babu firist, domin ba ku kaɗai ba ne, haka abin yake a wurare da yawa na Afirka da Kudancin Amurka. Ba zan ce maka wanda bai zo addu'ar katikis ba ya karya dokar Misa, domin kalmar da doka ta yi amfani da ita ƙarfafawa ce. Zan dai faɗa maka abin da idona ya gani: ƙauyen da ya riƙe taron Lahadi, ranar da Fada ya zo yakan tarar da yara sun iya addu'o'insu, ma'aurata sun shirya, ƙauyen da ya sake shi kuwa, cikin shekara biyu ko uku ko Alhamis ɗin ma sai an bi gida-gida. Tarihin Ikilisiya a arewacin Nijeriya, tun daga zuwan limaman mishan garin Shendam a 1907, a kan kafaɗun katikis ya tsaya fiye da yadda ake faɗa.

Game da nisa, doka ba ta yanka adadin kilomita ba, ta bar wa lamirin mutum. Ma'aunin da nakan ba mutanena shi ne wannan: wanda ya iya hawa acaɓa ran Lahadi ya je cin kasuwa a garin da babban coci yake, ya dawo lafiya da yamma, da wuya ya ce nisa ne ya hana shi Misa. Ka kuma tuna musu cewa doka ta 1247 tana da sashe na biyu da ake mantawa, wato barin ayyukan da ke hana ibada da hutun jiki da na rai. Ba a ce manomi ya bar hatsinsa ruwa ya lalata ba, amma wanda ya mai da kowace Lahadi ranar noma ya cuci kansa da iyalinsa da 'yan ƙwadagon da ya ɗauka.

TAMBAYA: Fada, mahaifiyata ta haura shekara 75, kuma ta fi shekara 30 ba ta fashin Misar asuba. Yanzu ƙafa tana damunta. Duk ranar da ta kasa zuwa sai ta wuni tana kuka, wai ta yi zunubi. Tana kuma matsa wa matata, mai goyo da yara uku 'yan makaranta, cewa dole ta riƙa binta kullum. Gidan ya fara ɗaukar zafi. Shin zuwa Misa kullum wajibi ne?

AMSA: Ɗan'uwa, ba wajibi ba ne, kuma ka gaya wa Mama in ji ni cewa ranar da ta kasa zuwa babu ko ƙwayar zunubi a kanta. Babu dokar da ta ɗora wa mai bi Misar tsakiyar mako. Ko firist ma, doka ta 904 ƙarfafa shi ta yi ƙwarai ya miƙa Misa kowace rana, ba ta tilasta shi ba. Akwai ranaku ma da mutane ke ɗauka na wajibi ne alhali ba haka ba ne, mafi shahara ita ce Larabar Toka, wadda coci kan cika maƙil har waje; ranar azumi ce da ƙaurace wa nama, amma halartar Misa a cikinta ba ta cikin wajibai. Ranakun idi na wajibi a dokar duniya guda 10 ne ban da Lahadi, an kuma ba majalisar bishop-bishop ta kowace ƙasa dama ta rage su ko ta mai da wasu zuwa Lahadi da yardar Roma, shi ya sa na Nijeriya da na Nijar da na Ghana ba lalle su zo ɗaya ba, kuma shi ya sa ake sanar da su a coci kafin su zo.

Ba na so wannan amsa ta zama kamar ina rage darajar abin da Mama ta yi shekara 30 tana yi. Duk firist ya san su waye ke riƙe da Misar asuba. Ƙarfe 6 saura, lokacin hunturu, ƙura ta rufe fitilun titi, za ka buɗe ƙofar coci ka tarar da tsofaffin mata kamar goma sun riga ka, kowacce ta naɗe da zane biyu, tocila a hannu ɗaya, carbin rosari a ɗayan, sai wani maigadi da ya sauka daga aikin dare, da malamin makaranta mai duban agogo. Babu ganga, babu mawaƙa, babu jerin sanarwa, cikin rabin sa'a an gama. Karatu biyu ne maimakon uku na Lahadi, amma tun da an tsara su a jere, karatun farko yana zagayowa cikin shekara biyu, Bishara kuma kowace shekara, wanda ya dawwama yakan ji sassan Littafi Mai Tsarki da mai zuwa Lahadi kaɗai ba zai taɓa ji a coci ba. Mama, ko ba ta iya karatu ba, ta san littafin Tobit da na Makabiyawa fiye da wasu masu digiri. Ikilisiya tana son wannan al'ada. Ayyukan Manzanni 2:46 ya ce masu bi na farko kullum suna haikali suna kuma gutsuttsura gurasa a gidajensu, kuma a 1905 Fafaroma Pius na Goma ya fitar da doka da ke ƙarfafa karɓar Tarayya kowace rana ga duk wanda ba shi da babban zunubi kuma niyyarsa mai kyau ce, bayan ɗaruruwan shekaru da mutane suka yi suna jin tsoron matsowa sai sau ɗaya ko biyu a shekara.

Abin da ya sami Mama yakan sami masu ibada da yawa, wato abin da suka fara don ƙauna ya juye ya zama musu kamar haraji, har su riƙa ganin Allah yana riƙe da rajista. Ka yi mata magana a hankali, kada ka ce ta daina. Ka sanar da ita cewa idan ciwon ƙafar ya tsananta, ko ta Lahadi ma an ɗauke mata, kuma haƙƙinta ne a kawo mata Tarayya har gida. Ka je ka rubuta sunanta a wurin Fada ko katikis cikin jerin marasa lafiya. Azumin sa'a ɗaya kafin karɓar Tarayya ma bai shafi tsofaffi da marasa lafiya ba, in ji doka ta 919, don haka ta sha maganinta ta karya kumallo ba fargaba.

Matarka kuwa tana da nata aikin da Allah ya ba ta a wannan sa'ar: wanka da abincin yara uku da goyo a baya. Idan ta bar su ta tafi coci don tsoron surukarta, ba ta ƙara lada ba, kuma kai ne ya kamata ka tsaya a tsakani, kada ka bar ta ta yi musu da Mama da bakinta. Ka roƙi Mama ta riƙa ɗaukar sunayen jikokinta zuwa Misa tana yi musu addu'a, ka ga ta sami aikin da ya dace da ita. Idan ana hutun makaranta, babban cikinsu ya riƙe mata hannu su tafi tare.

TAMBAYA: Na halarci Misar ɗaurin aure ran Asabar. Ta wadatar mini a madadin ta Lahadi?

AMSA: Ya danganta da lokaci. Yawancin aurenmu da safe ake ɗaurawa, ƙarfe 10 ko 11, wannan kuwa ba ta wadatar ba. Idan da yamma aka yi, daga ƙarfe 4 zuwa sama, ta wadatar ko da karatun na aure ne, domin doka Misar Katolika ta ce, ba ta ambaci irin karatun ba.

TAMBAYA: Nakan kalli Misa a talabijin ko a waya. Na sauke nauyi?

AMSA: Ga marar lafiya da wanda ba shi da halin fita, abu ne mai kyau ƙwarai, amma ba kallon ne ya sauke masa nauyin ba, rashin halin ne ya riga ya ɗauke shi. Ga mai lafiya kuwa kallo ba halarta ba ne. A 2020, lokacin annobar korona, bishop-bishop a ƙasashe da yawa sun ɗauke wa jama'a wajibin gaba ɗaya sa'ad da aka rufe coci-coci, wasu kuma suka fahimci abin a karkace, suka ɗauka waya ta zama coci. Wannan sassauci na lokacinsa ne.

TAMBAYA: Aurena ba a ɗaura shi a coci ba tukuna, don haka ba na karɓar Tarayya. Mene ne amfanin zuwana ran Lahadi?

AMSA: Ɗan'uwa, wajibin Lahadi halartar Misa ne, karɓar Tarayya kuwa magana ce dabam, wadda doka ta wajabta aƙalla sau ɗaya a shekara, a lokacin Ista, ga wanda ya cancanta. Saboda haka wajibin yana kanka kamar kowa, kuma idan ka zo ka sauke shi cikakke ko ba ka tashi daga bencinka ba. Kana jin Maganar Allah, kana addu'a tare da jama'a, 'ya'yanka suna ganinka a durƙushe. Abin da na lura da shi shi ne, masu cewa sai sun tara kuɗin biki kafin su gyara aure sukan kai shekara goma suna jira, alhali abin da Ikilisiya ke nema shi ne ku biyu, da firist, da shaidu biyu, bayan an yi bincike da koyarwar da aka saba. Na ɗaura aure fiye da ɗaya a Misar asuba ta tsakiyar mako, ango da amarya cikin kayansu na gida, aka gama kafin ƙarfe 7 kowa ya wuce wurin aikinsa. Ranar Lahadi mai zuwa, bayan Misa, ka tsaya ka ga Fadan farish ɗinku tare da maiɗakinka, ku tafi da katin baftismarku.